Tsawon tiyo na rage ƙarfin injin zuƙe ƙura? Ku faɗa muna abin da kuka gani

Mai wankin mota, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda hunturu ya shigo, motoci ke zo muna da ƙura har ƙarƙashin kujeru. Tiyon injina mita 2 ne, bai kaiwa bayan bas, sai na haɗa mai wani ya koma mita 6. In na ɗora tafin hannu a bakinsa yana kamawa gam, amma yashin kafet sai na yi ta bi ina maimaitawa. Abin na ci mini lokaci sosai.

Mai sharar masallaci, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Mu ma mun sa dogo, don kada mu riƙa jan inji tsakanin sahu. Ƙura mai laushi tana wucewa lafiya lau, amma yashin da ƙafafun jama'a ke shigowa da shi kwanciya yake a cikin tiyon, daidai inda ya lanƙwashe. Kana ɗaga shi za ka ji yana zubowa.

Mai gyaran injuna, Tsohuwar Kasuwa:
Ƙanena, gwajin tafin hannun nan bai nuna komai. Da ka toshe baki iska ta tsaya, shi ya sa dogo da gajere duk kamu ɗaya suke yi. Gudun iska ne ke ɗaukar yashi, ita kuma tana gogar bangon tiyo tun daga baki har inji. Ƙarin tsawo, ƙarin guga, balle tiyo mai kaushi a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin ƙananan injuna da iskar nan suke sanyaya kansu. Waɗanda ake kawo mini sun ƙone, da na buɗe sai in tarar matatar ƙura ta toshe ko an ƙara siririn tiyo, ga kuma zafin Sakkwato. In dole sai ka ƙara, bar mai faɗin milimita 32 ka nemi 38, mai santsin ciki. Kada ka zarce zuwa 50 da ƙaramin inji, iskar za ta yi sanyin gudu, yashi ya kwanta kamar yadda Baba ya faɗa.

Uwargida, Arkilla:
Ni dai wayar wuta na ƙara wa tsawo, na bar tiyo yadda ya zo. Ina kai injin har bakin aiki.

Mai wankin mota, Mabera:
Hajiya, Allah ya saka. Na gwada yau, na shigar da injin cikin bas ɗin, yashi ya tashi nan take. Malam, mai 38 ɗin yana shiga bakin injina ko sai an nemo mahaɗi?