Muhawara: Fim ɗin talakawa na canza doka, ko hawaye kawai yake sa a zubar?

Malam Isa: Ni dai ina nan a kan bakana. Fim ɗin Cathy Come Home, wanda Ken Loach ya ba da umarni, BBC ta nuna a Nuwamban 1966, shi ya tilasta wa gwamnatin Birtaniya waiwayar marasa muhalli. Mutum wajen miliyan 12 suka kalla, suka ga an ƙwace wa uwa 'ya'yanta a tashar jirgin ƙasa don ba ta da wurin kwana. Ba a yi wata guda ba aka ƙaddamar da ƙungiyar Shelter mai taimakon marasa muhalli.

Bilkisu: Malam, a gafarce ni. Shelter an riga an tsara ta tun kafin fim ɗin, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa marasa gida matsuguni kuwa sai 1977 aka yi ta. Shekara 11 fa!

Malam Isa: To a shekarun nan wa ya hana maganar mutuwa?

Yaya Nura: Ku bar na da. Ku ɗauki I, Daniel Blake na 2016. Labarin wani kafinta ne a Newcastle, zuciya ta buga masa, likita ya hana shi aiki, ofishin tallafi ya ce lafiyarsa ƙalau, ya je ya nemi aiki. Akwai inda wata uwa ta buɗe gwangwanin wake a wurin rabon abinci tana ci da hannu saboda yunwa. Wallahi kasa kallo na yi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes, jagoran 'yan adawa na lokacin Jeremy Corbyn ya ce wa Firaminista Theresa May ta je ta gani, a cikin majalisa. Sannan me? Wuraren rabon abincin ƙaruwa suka yi.

Bilkisu: Yawwa, Yaya. Kuma su wa ke kallo? Masu sayen tikitin bikin fina-finai. Direban da ya yini yana kai kaya gida-gida ba zai biya kuɗi ya ga wahalarsa a allo ba.

Malam Isa: Haba Bilkisu. Cathy a talabijin aka nuna, lokacin tashoshi uku kacal ke akwai. Ma'aikacin masaƙa da minista daren nan abu ɗaya suka kalla.

Yaya Nura: Wannan kam gaskiya ne, Malam, amma hujjar 1966 ce. Kawo min ta yau.

Malam Isa: An kira magariba. Zan dawo da maganar Kes, wani fim ɗin Ken Loach.