Kwamitin ruwa zai fara sauraron bahasi, su wa ya kamata mu fara kira?

Sabon_Akawu:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da kwamitin majalisa. An ba kwamitinmu aikin nazari kan manufar ruwa, ruwan sha da na noma da madatsun ruwa duka, kuma ni aka ce in tsara jadawalin waɗanda za su zo ba da bahasi. Zama shida kawai aka ba mu, kowanne awa biyu, amma sunayen da 'yan kwamiti suka miƙo sun haura arba'in, kowa da nasa, ɓangaren gwamnati na son a fara da ma'aikata, 'yan adawa kuma sun ce sam sai ƙungiyoyi. Jiya na baza takardun a tebur ina ware su kashi-kashi sai na ga duk cikinsu babu mutum ɗaya da yake ɗibar ruwa da hannunsa, daga darakta sai farfesa sai ɗan kwangila. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Ta ina zan fara?

TsohonMagatakarda:
Wa alaikumus salam. Yarona tun da ka lura da wannan giɓin to rabin aikin ya yi. Kafin ka taɓa sunaye ka sa shugaban kwamiti ya faɗa maka tambayoyi uku ko huɗu da rahoton zai amsa, a rubuta su, kowa ya amince. In ba haka ba duk wanda ya zo zai karanto tarihin hukumarsa ne lokaci ya ƙare. Sai ka ɗauki kowane suna ka ajiye shi ƙarƙashin tambayar da zai iya amsawa, wanda bai shiga ko'ina ba a roƙe shi ya aiko da bayaninsa a rubuce, ba wulaƙanci ba ne, shi ma yana shiga kundin kwamiti.

Batun jeri kuwa ni a ganina mutanen ma'aikata su zo ƙarshe. Ka duba abin da ya faru a Flint ta jihar Michigan a Amurka, a 2014 aka sauya musu ruwan sha zuwa na kogin garin, ruwan ya riƙa cin bututu dalma na shiga famfo, mutane sun daɗe suna kai kuka da ruwa mai launin ƙasa a gora ana ce musu lafiya lau ne. Da kwamitin majalisar wakilan Amurka ya zauna a Fabrairun 2016, cikin waɗanda ya saurara akwai wata uwa mazauniyar garin da Farfesa Marc Edwards wanda ya auna ruwan, sai a watan Maris gwamnan jihar Rick Snyder ya zo. Lokacin da ya zauna 'yan kwamiti na da abin tambaya a hannu, ba labarin da ya kawo kawai za su haɗiya ba.

Injiniya_Famfo:
Baba na yarda da kai amma ba duka ba, ka yi haƙuri. In aka bar ma'aikata sai ƙarshe, 'yan majalisa da yawa ba su san wace hukuma ce ke da kogi wace ce ke da famfon gari wace ce ke ba da lasisin haƙa burtsatse ba, sai ka ga an yi ta tuhumar wanda abin ba a hannunsa yake ba. Ni zan ce a kira su sau biyu, zaman farko ƙananan jami'ai na fasaha su zo su shimfiɗa yadda doka ta raba iko da inda kuɗi ke bi, zaman ƙarshe kuma manyan su dawo su amsa abin da aka ji.

Sannan don Allah ɗan'uwa kar ka manta da mu masu aiki a matatar ruwa, ba darakta nake nufi ba, wanda ke dutin dare yana duba kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, yana rubutawa a littafi. A Walkerton ta Kanada a Mayun 2000 ƙwayar cuta ta E. coli ta shiga ruwan gari mutum 7 suka rasu sama da 2,000 suka kwanta, kuma binciken da aka yi ya gano masu kula da ruwan ba sa zuba kulorin yadda ya kamata suna kuma cika littafi da lambobin ƙarya, ga rage kasafin da aka yi wa masu sa ido. Irin wannan ba za ka ji shi daga bakin mai babbar kujera ba. Amma ƙaramin ma'aikaci ba zai buɗe baki ogansa na zaune a bayansa ba, ka nema masa zaman sirri in dokar majalisarku ta yarda.

Hajiya_Fadama:
Ni abin da ke damuna duk lokacin da aka ce ruwa hankali sai ya tafi famfo, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a duniya noma ne ke sha. A ware zama guda cur na manoman rani da masunta da makiyaya, kuma a haɗa na saman madatsa da na ƙasanta a tebur ɗaya, domin ƙofar da aka buɗe wa wannan ita ce ta cinye gonar wancan, ko aka rufe ta kifinsa ya mutu. In kogin naku na ƙetare iyaka ku gayyaci hukumar da ke kula da shi, kamar yadda kogin Neja ke da tasa ta ƙasashe 9 mai hedikwata a Yamai.

Kuma ɗana gayyata kaɗai ba ta isa ba. Na taɓa raka wata baiwar Allah irin wannan zama, tun asuba ta taso, aka ba ta minti biyar, babu tafinta, tana cikin kwance ƙullin da ta zo da shi don ta nuna musu kalar ruwan rijiyarsu aka ce lokaci ya cika. Har yau ina jin zafin abin. A tanadi tafinta, a biya musu kuɗin mota tun kafin su taso, a kira su a waya a faɗa musu yadda zaman yake, kuma kar a sa su kusa da lauyan kamfani a rukuni ɗaya.

Sabon_Akawu:
Allah ya saka da alheri Baba, Injiniya da Hajiya, na kwashe duka. Gobe zan kai wa shugaba tsari kamar haka, jami'an fasaha a zaman farko, na biyu mazauna gari da ma'aikatan matata, na uku 'yan noma da kiwo da kamun kifi, sai masana, sai kamfanoni, manya su rufe. Baba tambaya ɗaya ta rage, in ɗan kwamiti ya kafe sai an sa mutuminsa alhali babu gurbi fa?

TsohonMagatakarda:
Kar ka yi jayayya da shi, ba hurumin akawu ba ne. Ka kai jerin gaban kwamiti a raba guraben tsakanin ɓangarori, kowane ɓangare ya zaɓi wanda zai cire da kansa, a rubuta a minit. Amma guraben zama na biyu da na uku ka roƙi shugaba a amince da su tun farko kafin a fara rabon.