Me ya sa addini bai riƙe Pakistan wuri guda ba?

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu kan addini da kishin ƙasa, kuma malamin da ke duba aikina ya ce sai na kwatanta ƙasashe biyu. Na riga na ɗauki Pakistan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an yanke ta daga Indiya a 1947 domin Musulmi su samu ƙasarsu, amma a 1971 gabashinta ya ɓalle ya zama Bangladesh, alhali can ma Musulmi ne mafiya yawa. Shin in rubuta cewa harshe ya fi addini ƙarfi wajen haɗa ƙasa? Kuma wace ƙasa zan ajiye kusa da ita?

Malam Na Tsangaya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar rubuta hakan, malaminka zai kama ka. Gaskiya ne harshe ya tayar da ƙura: a 1948 Jinnah, jagoran da ya kafa Pakistan, ya tsaya a Dhaka, babban birnin gabas, ya ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasa, kuma ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga saboda Bengali, harshen mutanen gabas. Amma a 1956 an amince da Bengali a tsarin mulki, ƙasar kuma ba ta tsage ba sai bayan shekara 15. Abin da ya ƙarasa ta shi ne mulki da kuɗi. Gabas ta fi yawan jama'a, ita ke noma ramar da ake fitarwa waje, amma mafi yawan sojoji da manyan ma'aikata 'yan yamma ne. A zaɓen 1970 jam'iyyar Awami ta Sheikh Mujibur Rahman, jagoran gabas, ta samu rinjaye, aka hana ta kafa gwamnati. Ga nisan kusan kilomita 1,600 na ƙasar Indiya a tsakaninsu. Ka kuma tuna ba duk malamai ne suka goyi bayan raba Indiya ba. Husain Ahmad Madani na makarantar Musulunci ta Deoband da ke Indiya ya yi adawa da rabuwar tun farko.

Hajiya Ummi:
Ni dai Somaliya zan ba ka. Addini ɗaya, harshe kusan ɗaya, amma Somaliland, wato arewacinta, ta ayyana ɓallewa a 1991. In harshe ne maganin, me ya faru can? Arewa Ingila ta mulka, kudu Italiya, sannan ga ɓarnar da sojojin Siad Barre, shugaban Somaliya na lokacin, suka yi wa Hargeisa, babban birnin arewa, a 1988.

Ɗan Zariya:
Hajiya, kin rushe mini babi guda! Na so in ɗauki Ailan, tunda can Katolika ne ya riƙe kishin ƙasa bayan mafi yawansu sun koma magana da Turanci.

Malam Na Tsangaya:
Ailan ma ta yi, kuma an raba ta a 1921, ka ga akwai abin kwatantawa. Sai dai littattafai a kanta sun yi yawa, za ka nutse. Kuma kada ka tsaya a 1971. Tsarin mulkin Bangladesh na 1972 ya raba addini da gwamnati, amma a 1988 shugaban ƙasar, Janar Ershad, ya mai da Musulunci addinin ƙasa. Ka kai wa malaminka Somaliya da Ailan duka, ka ji wadda zai zaɓa.