Awon idon doki mai lafiya: kalipa kaɗai ta isa?

Ɗalibin Zariya:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a karatun likitan dabbobi, aikina kuma a kan koniya ne, garai-garan tantanin nan da ke gaban baƙin ido. An ba ni izinin auna dawakan wata barga masu fita hawan sallah, masu lafiyar ido kawai. Kalipa ce da ni, wato ma'aunin nan mai baki biyu, ba ni da na'urar auna kauri. Ta isa? Kuma yaya zan yi da ingarman da ba ya yarda a kusanci fuskarsa?

Likita a Kaduna:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kalipa faɗi da tsayi kaɗai za ta ba ka. Koniyar doki ba da'ira ba ce, ta fi faɗi a kwance: wajen milimita 33, a tsaye kuma wajen 26. Kauri sai na'urar da ke aiki da sauti, wadda ake ɗan taɓa ido da bakinta. A tsakiya za ka samu kusan milimita 0.8, na mutum kuwa wajen 0.55 ne. Gefe ya fi tsakiya kauri, don haka ka tsaya wuri ɗaya a kowane doki.

Kada ka yi kokawa da ingarma. Ka yi masa allurar zailazin mai kwantar da dabba, ka kashe jijiyar da ke rufe fatar ido da lidokain, sannan ka ɗiga maganin kashe zafi. Kafin komai ka sa rinin fuloresin. Idon da ya kama kore yana da gyambo, ka cire shi daga lissafi. Ka rubuta shekarun kowanne, domin idon dukushi bai gama girma ba.

Mai barga, Katsina:
Likita, ranka ya daɗe, ban ga amfanin damun lafiyayye ba. Da hunturu ƙura kan sa dawakina hawaye, akwai goɗiyar da hakiya ta fito mata. Su ya kamata a duba.

Likita a Kaduna:
Alhaji, saboda irin goɗiyarka ake yi. Koniya in ta sha ruwa kauri take ƙarawa, in gyambo ya ci ta kuma sai ta yi siriri har ta kusa hujewa. In ba mu san awon lafiyayye a dawakanmu ba, da me za mu gwada? Ina kuma roƙonka, kada a ɗiga mata maganin ido mai sitiroid kafin a sa rinin nan, yana hura wa gyambo wuta.

Ɗalibin Zariya:
Na gode, Likita. Zan fara da faɗi da tsayi, in nemi aron na'urar.