Jan tauraro a ido, fari a hoto: ina matsalar take?

Malam Buba, Garwa:
Assalamu alaikum. Da ƙaramin madubin hangen nesa na samu tauraron R Leporis, wanda yake kudu da tauraron Rigel a ƙasan rukunin taurarin Oriyon, kuma a ido jansa ya fi na Betelgeuse, jan tauraron da ke cikin Oriyon, nesa ba kusa ba. Amma idan na ɗauke shi da kyamara, sai ya fito fari fat, da ɗan ja-ja a gefe kawai. Shin kyamarar ce ba ta kai ba, ko hazon hunturu ne yake ɓata launin?

Alhaji Umaru, Njamena:
Wa alaikumus salam, Malam Buba. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Hasken da kake bari ya shiga ne ya yi yawa. Tauraro ɗigo ne ƙanƙane, saboda haka idan kyamara ta daɗe a buɗe, hasken yakan taru wuri guda har ya ƙone tsakiyar ɗigon, launin ya ɓace. Ka rage daƙiƙun ɗauka, ka sauke ISO, wato saitin ƙarfin kama haske na kyamara, ka bar saitin launi a kan na hasken rana, sannan ka ɗan kauce wa cikakken saitin gilashi da gangan, domin ɗigon ya faɗaɗa jan ya bazu a cikinsa.

Akwai kuma batun lokaci. Hasken wannan tauraro, wanda masanin taurari John Russell Hind ya gano a 1845, yana hawa da sauka cikin kwana kusan 427, kuma jansa ya fi tsananta sa'ad da ya dusashe. Dalili shi ne sararin da ke kewaye da shi cike yake da sinadarin kabon da ƙurarsa mai kama da kunkunniyar fitila, waɗanda suke tare shuɗin haske su bar ja ya wuce.

Malama Hadiza, Marwa:
Ban da abin da Alhaji ya faɗa, hazo ba ya mayar da tauraro fari, ƙara masa ja yake yi, kuma a ganina wannan ya fi ɓata aiki, tunda kowane tauraro da ke ƙasa-ƙasa a sararin sama sai ya yi ja na ƙarya. Mu nan mun yi sa'a, domin a watan Janairu R Leporis yakan hau sama sosai wajen ƙarfe tara zuwa goma na dare. Ka jira wannan lokaci, ka kuma sa wani farin tauraro cikin hoton don a kwatanta.

Malam Buba, Garwa:
Na gode, Alhaji, na gode, Malama. Idan ya dusashe har madubina ya kasa kamo shi, wanne zan nema?

Alhaji Umaru, Njamena:
Ka nemi W Orionis a yammacin Oriyon; shi ma na kabon ne, kuma haskensa ba ya faɗuwa sosai, har madubi mai ido biyu yana kamo shi.