Abin da likitocin fisiyo (masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar atisaye) suka ce kan kare tsoho daga faɗuwa a gida

A bayanin likitocin, an fi daɗewa kan gwajin da ake fara yi don gane ko tsoho na cikin haɗarin faɗuwa. Tsoho ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa.

Atisayen da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne tashi da zama sau 10 daga kujera mai ƙwari da aka jingina da bango, sai ɗaga dugadugai yana dafe da teburi, sai tafiya dunduniya na taɓa yatsun ɗayar ƙafar. Sau 3 a mako, kamar tsarin Otago, wani shirin atisayen hana tsofaffi faɗuwa na ƙasar Niyu Zilan. Kujerar roba kam a bar ta, zamewa take yi.

Tsawon sanda ya tsaya daidai wuyan hannu in yana tsaye ya saki hannunsa, a riƙe ta a ɓangaren ƙafa mai lafiya; yawanci nan ake kuskure.

Mai shan maganin hawan jini ya zauna bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe, musamman da asuba, saboda jiri. Wajen alwala a sa masa kujera, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a bar fitila hanyar bayi. In ciwon ƙirji ko haki ya taso ana atisaye, a dakata a nemi likita.