Ƙanena da ciwon waswasi: ko aikin Gamma Knife zai fisshe shi?

Assalamu alaikum. Likitocinmu da masu sani, don Allah ku ba ni shawara.

Ƙanena ya daɗe yana fama da matsanancin waswasi, wanda likitoci ke kira OCD. Alwala ɗaya sai ta cinye masa awa guda, bayan hannunsa duk ya tsattsage saboda wanki. An yi ruƙiyya, ya sha fluoxetine, aka koma clomipramine, ya kuma yi horon da ake hana shi maimaita wankin. Sauƙin bai taka kara ya karya ba.

Yanzu likitansa ya kawo maganar Gamma Knife. Ba a fasa kai, haskoki ake tarawa wuri guda su ƙona ɗan gurbi can cikin ƙwaƙwalwa. Abin da ya tsaya min a rai: wurin da aka ƙona ba ya dawowa, amfanin sai bayan watanni yake bayyana, wasu kuma ƙwaƙwalwar kan kumbura.

Wane irin mara lafiya ne ya cancanci wannan aikin? Ko gara DBS, wato aikin dasa na'urar da ke aika 'yar wutar lantarki cikin ƙwaƙwalwa, tunda ita ana iya kashe na'urar? Akwai wanda aka yi wa ɗan'uwansa a Indiya ko Masar? Hajiyarmu ta ce ba za ta amince ba sai ta ji daga bakin wanda ya gani da idonsa.